Inda Uwa Ta Riƙe

Kultumi ta dawo daga lise da la'asar,
ta jefa jakarta kan kirgin da nake yanka,
ta ce, "Baba, yau an ba mu labarin wani barde
na ƙasar Girka, tun ba a san bindiga ba."
Na ce faɗi, hannuna ne ke aiki, kunnena zaune yake.

Wai yana jinjiri uwarsa ta kai shi wani kogi
mai hana ƙarfe cin jiki,
ta kama dunduniyarsa, ta tsoma shi kai ƙasa,
yadda majeman Marwa ke tsoma fata a ruwan bagaruwa.
Ko'ina ya sha
ban da wurin yatsunta.

Ya girma. Aka yi gayya, jirage suka rufe teku,
aka yi wa wani birni zobe
shekara goma, a kan mace guda.
In ya fito, maza su tuna da sakatar ƙofa.
Ran nan sarkin yaƙi ya ƙwace masa rabonsa na ganima,
ya yi zuciya, ya shige tanti, ya ce ku ƙarata.
Ana zuba kamar ɗanyen mangwaro, yana zaune.
Amininsa ya ari sulkensa ya fita.
Da yamma aka kawo aminin, ba a kawo sulken ba.

A nan basilla ta soke ni.
Na tsotse jinin na ce, ci gaba.

Ya tashi, ya kashe yariman birnin,
ya ɗaure gawar a keken doki ya yi ta ja.
Cikin dare sai ga tsohon sarki, ba dogari,
ya durƙusa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa,
ya ce, ba ni shi in rufe.
Suka yi kuka a tanti ɗaya,
kowa da mamacinsa.

"Ƙarshensa fa?"
"Kibiya, Baba. Wani da bai kai shi ba ya harba,
ta sauka daidai inda uwar ta riƙe."

Na yi shiru har ladanin Domayo ya gyara murya.
Ban gaya mata Yaya Sali nake gani ba,
wanda ni na ɗinke masa layu goma sha ɗaya da jar fata.
A dandali yakan goga wuƙa a cikinsa ta lanƙwashe,
mata na guɗa, ni ina riƙe masa riga.
Ya bi ɓarayin shanu har gindin duwatsun Mindif
ya dawo da garken, ko ƙwarzane babu.
A gonar muskuwari, da rani, ba kida ba taro,
kububuwa ta same shi a diddige.
Kafin a nemo mota daga Meskin
Inna ta riga ta ɗora ƙafar a cinyarta
tana murzawa kamar za ta mayar da shi goyo.

Kultumi ta ce malaminsu ya ba su tambaya:
shin sakacin uwar ne ya kashe shi?
Na ce rubuta masa, in ji baduku:
da ta sake shi don ya jiƙe duka
da kogin ya tafi da shi tun ranar.
Ba a riƙe ɗa ba tare da an bar shaida ba.
Kuma ina zaton hawayen da ya yi wa tsohon nan
ta wannan busasshen wurin suka shigo.

Shekara talatin ina gyaran takalma a bakin Mayo Kaliyawo,
na soja, na ɗan acaba, na liman,
duk daga dunduniya suke fara cinyewa.

Na ce miƙo ƙafarki.
Ta ce, "Ai nawa bai mutu ba."
Na ce na sani.
Na yanko fata biyu, na haɗa, na soma ɗinki.